Malamin Zane Da Ba Ya Fara Gaisuwa

A unguwarmu an daɗe da yanke wa yayana hukunci, wai girman kai gare shi. Zai fito da safe da jaka a kafaɗa, ya bi gefen kwata kansa a ƙasa kamar mai neman allurar da ta faɗi, ya wuce bencin mai shayi cike da maza bai ce musu uffan ba. Tsofaffi yana gaishe su har da rusunawa, mata da yara ma haka. Amma namiji ɗan tsaka-tsaki, daga mai sabon gemu zuwa mai 'yar furfura, ko ido ba ya haɗawa da shi. In kai ka fara, za ka ga haƙoransa duka, ya tambaye ka gida da yara da ciwon ƙafar da kai kanka ka manta ka taɓa yi. Shi dai ba ya farawa.

Ni ce ƙanwarsa, ni ce kuma mai shan maganar, don shagon ɗinkina a bakin titi yake. Mace za ta kawo ɗinki, ina auna ta tana cewa, "Wai ni yayan nan naki da me yake taƙama? Mai fenti ne fa." Nakan ce mata ta ɗaga hannu, in ta ƙara wata maganar sai in ɗan matse tef ɗin. Ban taɓa yi wa kowa bayani ba, don ya hana ni. Yanzu zan yi, tunda babu sunan kowa a ciki.

Gaskiya ne, mai fenti ne. Tun yana saurayi yake rubuta allunan shaguna, yana zana furanni da tsuntsaye a bayan manyan motoci, har sunansa na yanka ya ɓata, kowa sai Mai Fenti. Wata shekara aka kira shi ya sabunta rubutun ƙofar gidan yarin garinmu. Yana kan tsani, wani fursuna da aka fito da shi shara ya tsaya da tsintsiya a hannu yana kallonsa, ya ce, "Ashe haka ake yi wa harafi inuwa." Gandiroba ya daka wa mutumin tsawa ya ci gaba da shararsa, amma maganar ta biyo Yaya har gida. Ba a jima ba wata ƙungiya ta zo tana son buɗe ajin zane a cikin gidan, shugaban gidan ya tuna da mai tsani. Ƙungiyar ta yi 'yan shekarunta, ta ɗauki hotuna, ta tattara ta tafi. Yaya ya zauna, shekara ashirin da wani abu.

Ban taɓa shiga ajin ba, amma na san shi kamar ɗakina. Tsohon ɗakin ajiya ne, da taga guda can sama mai ƙarafa, da dogon tebur da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo. Ba a shiga da reza, ba a shiga da abin fiƙe fensir, saboda haka a gida yake fiƙe su duka, a bakin ƙofar ɗakinsa, ya shimfiɗa tsohuwar jarida yana tara ɓawon. Takardar zane kuwa bayan tsofaffin kalandu ne, da ni da shi muke bin shaguna muna roƙa in shekara ta juya. Darasinsa na farko bai taɓa canjawa ba. Zai ajiye kofin roba a inda hasken tagar yake sauka, ya raba gawayi, ya ce, "Kada wanda ya zana mini kofi. Ku fara da inuwa, kofin zai fito da kansa." A ciki ba Mai Fenti suke ce masa ba, Malam suke cewa.

A shekarun farko yana da wani ɗalibi da yake ce wa Bahago, saboda da hagu yake zane. Yaya ya ce bai taɓa ganin hannu mai haƙuri irin nasa ba. Da aka sallami Bahago, ya sami aiki a wani shagon kayan gini a can ƙarshen gari. Rannan Yaya ya je sayen fenti, ya gan shi a bayan kanta cikin riga mai tsabta, murna ta kama shi. Ya rungume shi a gaban mai shagon ya ce, "Bahago! Yaushe ka fito?"

Kowa a garin nan ya san inda Mai Fenti yake koyarwa. Mai shagon ya jira Yaya ya tafi, sannan ya kori Bahago. Bayan wasu watanni Yaya ya shiga aji, ya ajiye kofinsa, ya juyo, sai ga Bahago a ƙarshen tebur cikin kayan fursunoni. Bai zarge shi ba, bai ma ɗaure fuska ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, akwai sauran gawayi?"

Ranar Yaya bai ci abinci ba. Daga baya aka mai da Bahago wani gidan yarin, labarinsa ya yanke. Tun daga nan, duk sabon ɗalibi, kafin ya taɓa gawayi, sai Yaya ya gaya masa: "In ka fita muka haɗu a titi, ba zan gaishe ka ba, ba zan nuna na san ka ba. Sai in kai ka fara." Da ɗaliban suka yi yawa, fuskoki suka fara cakuɗe masa, sai ya ga in yana gaishe da kowa yana tsallake nasa, tsallakewar ma ta zama nuni. Shi ne ya daina fara gaisuwa da duk namijin da zai iya zama ɗalibinsa. In ya hango wanda ya tabbata nasa ne, har titi yake tsallakawa, don kada mutumin ya ji nauyi.

Ga inda abin yake ci mini rai. Malamin makarantar yara yana tafiya ana ta "Sannu Malam" har ya gaji da amsawa. Yayana ya koyar da mutanen da za su cika tasha, amma ɗaliban da yake sake gani ido da ido su ne waɗanda aka sake kamowa. Wanda ya shiryu ya kama sana'a, shi ke nan ya ɓace masa. Abu guda yake jira a duk shekarun nan, wani ya fara. Bai taɓa faɗa da baki ba, amma ni na san shi. In muna tafiya aka yi sallama a bayanmu, sai na ga kafaɗarsa ta ɗan motsa, in ba da shi ake ba ta koma. Babu wanda ya taɓa farawa, ko mutum ɗaya.

Gidan kuma ba wata hayaniya. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa tilo tana aure a gari mai nisa, takan bugo waya ta ce ya ci abinci. Ni ma da maigidana ya rasu na dawo gidanmu na gado, ɗakina yana kallon nasa. Da yamma ina jin ƙarar rezarsa a jikin fensir, shi kuma yana jin ƙarar kekena, hirarmu ke nan mafi yawan ranaku. Abokai na majalisa ba shi da su, don majalisa da gaisuwa ake shiga cikinta.

Ana nan sai ga wata malamar jami'a. Siririya ce, mai tabarau, da takalmin da ya sha tafiya, ta yi sallama a shagona tana tambayar gidan Malam. Na ce wane Malam, nan Mai Fenti muke da shi. Na dai kai ta, na kuma ja kujera na zauna, don ba a yi bakin da zai ce in tashi a gidan ubana ba.

Ta yi bayani a tsanake. Bincike take yi a kan azuzuwan zane da waƙa da wasan kwaikwayo da ake yi a gidajen yari, tana so ta gano ko waɗanda suka shiga irin ajin sun fi sauran zama lafiya bayan sun fita, ko suna samun aiki, ko suna daidaitawa da iyalansu. Hukuma tana tunanin mai da ɗakin ajin wurin kwana, tunda gidan ya cika, kuma abin da binciken ya nuna zai iya sa a fasa.

"Matsalata ɗaya ce, Baba," in ji ta. "Wanda ya koma ciki, hukuma ta san da shi. Wanda bai koma ba, babu mai labarinsa. Su nake nema. An ce mini ba ka manta fuska."

"Ina ganinsu," ya ce. "A tasha, a kasuwa, a bakin asibiti."

"To ko za ka nuna mini kaɗan daga ciki?"

"A'a, 'yata."

Ya ba ta labarin Bahago, kamar yadda na ba ku. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, ajin naka fa za a rufe. Ka rufa wa mutanen da ko kallonka ba sa yi asiri, kai kuma a bar ka da jarida da ɓawon fensir?"

"Auta," ya ce, haka yake kirana har yau da furfurata, "alkawari na yi musu."

Na zaci malamar za ta matsa. Sai ta cire tabarau ta goge, ta ce shi ne da gaskiya, ita ce ta yi garaje, ko a ƙa'idar aikinta ma bai halatta ta tare mutum a titi da abin da yake ɓoyewa ba. Za ta nemi wata hanya. Na ce a raina, to, an gamu, masu ƙa'ida biyu a ɗaki ɗaya, ni ce dai bare.

Hanyar da ta samu ita ce sanarwa. Ta sa aka faɗa a rediyo, ta manna takardu a tashoshin mota da bakin kasuwa: duk wanda ya taɓa zama ajin zane na gidan yari, in yana so, ya kira wannan lamba, za a saurare shi a wani ɗaki a jami'a, ba za a rubuta sunansa ba, ba za a gaya wa kowa ya zo ba. Na ga takardar a jikin turken lantarki kusa da shagona, ruwa ya dake ta har ta yi laushi. Na ce wa Yaya babu mai kira. Ya ce wataƙila.

A watannin nan ne na fara lura da idonsa. Mutumin da yake fiƙe fensir yana hira ba tare da ya duba ba, sai ga shi yana kai fensirin dab da hanci. Ya yanke yatsa, ya ce rezar ce sabuwa. Ya sake yankewa, ya ce rezar ce ta tsufa. Ya yi tuntuɓe da bokitin da yake gefen ƙofa tun muna yara. Na ja shi asibiti da faɗa. Likita ya haska, ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, magani zai rage mata gudu amma abin da ya tafi ya tafi. A hanyar dawowa Yaya ya ce kada in gaya wa 'yarsa tukuna. Muna isa gida na buga mata.

Malamar ta dawo bayan damina, da rana tsaka, ta same shi a bakin ƙofa ni kuma ina fiƙe masa fensir, ina ɓata rabi. Ta zauna a tabarma ta ce, "Baba, sun zo."

Ya juyo da fuska wajen muryarta.

"Sun zo fiye da yadda na zata. Wasu daga nesa."

"Lafiyarsu ƙalau?"

"Da yawa lafiya lau. Wasu suna fama."

Ya murza gefen rigarsa. Sannan ya ce, "Akwai mai zane da hagu a cikinsu?"

"Ba zan iya gaya maka ba, Baba. Na yi musu alkawari."

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba, ya ce ai shi ne mutum na ƙarshe da zai yi mata gardama a kan wannan. Ni kuwa na ajiye rezar don kada in yanke kaina. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa a ɗakin da babu iska, ga amsar a cikin jakar yarinyar nan, tazarar hannu ɗaya, amma ba ta da ikon buɗewa, shi kuma ba zai roƙa ba.

Ta ce akwai abu ɗaya da za ta iya faɗa, saboda kusan dukkansu sun faɗe shi, ba zai nuna kowa ba. Ta tambaye su ko sun sake ganin malaminsu. Kusan kowa ya ce ya gan shi, wasu sau da yawa. Ta ce to me ya hana su gaishe shi, tunda ya ce su fara.

"Suka ce ba ka ba su fuska ba, Baba. Da ka hango su sai ka sunkuyar da kai, ko ka tsallaka titi. Sai suka ɗauka maganar da kake yi a aji kara ce kawai, a waje kunyar a gan ka da su kake ji. Suka ce ba su ga laifinka ba, mutum mai mutunci ne kai, ba za su ɓata maka suna ba. Wani ya ce ya taɓa bin ka a baya tun daga tasha har kwanar gidanku, yana jira ka waiwaya."

Na dubi Yaya. Hannunsa ya lalubi fensir guda a kan jaridar, ya riƙe shi kawai.

"Ban waiwaya ba," ya ce.

"A'a, Baba."

"Ina jin takun mutum a bayana wani lokaci. Sai in ƙara sauri, don kada ya takura."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ban san wanda ya fi ba. Shekara da shekaru yana kare su, suna kare shi, kowa yana kauce wa kowa a titi ɗaya saboda ladabi. Na ce wa malamar ta kira su mana, ta gaya musu ba haka ba ne. Ta ce ta yi alkawarin ba za ta sake neman kowa ba bayan hirar, lambobin ma ta goge su a gabansu. Amma za ta rubuta shi a rahotonta.

"Wa zai karanta rahoton?" na ce. "Mai faci ko kwandasta?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce ta sani. Da za ta tafi ta durƙusa ta yi masa sallama kamar ubanta, na ga idonta ya yi ja. Yarinyar kirki ce, ban riƙe ta da komai ba.

Rahoton ya yi aikinsa, ba a rufe ajin ba. Sai dai hukuma ta kawo sabon malami mai takardar shaida, tunda Yaya ya kai ba ya ganin inuwar kofin da kansa. Ya je ya miƙa masa kofin da sauran kalandun, ya roƙe shi abu biyu: ya bar su su fara da inuwa, in kuma zai yi musu alkawarin titi, ya ƙara da cewa zai ɗaga kai. Ya dawo gida da jakarsa babu komai a ciki, ya rataye ta a ƙusa.

Washegari da safe ya leƙo shagona cikin rigarsa mai kyau.

"Auta, raka ni tasha."

"Tafiya za ka yi?"

"A'a. Wucewa kawai."

Na rufe shagon na kama gwiwar hannunsa. Muka fito, sai na ga ya ɗaga kai, ya miƙe wuya, yana juya fuska dama da hagu a hankali, yana ba kowa fuska. Ban taɓa sanin yana da tsawo haka ba. Mutanen bencin mai shayi suka bi mu da kallo, wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Yau kuma Mai Fenti sama yake kallo."

Abin da su ba su sani ba, ba ya ganin fuskokin. Ya ce mini mutane sun zame masa kamar zanen da aka goga da hannun riga, akwai tsayi, akwai launin tufa, amma babu ido babu hanci. Har yanzu ba ya fara gaisuwa, alkawari yana nan. Fuskar kawai yake bayarwa, ya bar sauran ga wanda ya gan ta. Mukan zaga tasha, mu bi layin masu gyaran babura, mu ɓullo ta bakin kasuwa, mu dawo. In mun shigo gida sai ya ce, "Akwai wanda ya tsaya yana kallona?" In ce babu, ko in ce ban lura ba. Ya ce to, gobe.

Haka muka yi ta yi. Ɗinki ya taru mini, masu kaya suna ta ƙorafi, ni ma wani lokaci in yi mita, in ce ƙafata ba ta haya ba ce. Sai ya ce in zauna zai je shi kaɗai, ya san sarai ba zan bari ba. A raina na fara cewa mun makara. Mutanen nan sun saba kauce masa kamar yadda ya saba kauce musu, wanda ya hango shi daga nesa ma ya riga ya juya kafin ya ga kan a ɗage yake.

Ranar da abin ya faru ba ma tashar muka nufa ba. Daga asibiti muke, an ɗiga masa magani, muna tsaye a bakin titi muna jiran motoci su rage mu tsallaka. Rana ta take, ga hayaƙi, ga hon. Yaya yana tsaye kansa a sama, idonsa yana ruwa saboda maganin. Sai na ji murya a gefenmu, ba da ƙarfi ba.

"Malam, ina wuni."

Hannun Yaya da nake riƙe da shi ya yi tauri. Ya juya wajen muryar, ya ce, "Lafiya lau. Ina gajiya?" kamar yadda zai amsa wa kowa.

"Ba gajiya, Malam. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya iyali?"

"Suna lafiya." Mutumin ya ajiye kayansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Har yanzu da inuwa nake farawa, Malam."

Yaya ya gyaɗa kai kawai, ya sake gyaɗawa. Mutumin ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya sunkuya ya ɗauki kayansa da ya ajiye a ƙasa, motoci suka tsaya, jama'a suka ɗunguma, ya shige cikinsu. Yaya bai tambaye shi suna ba, bai ce yaushe ka fito ba, bai ce a ina kake ba. Ko a lokacin bai karya ƙa'idarsa ba.

Muka tsallaka. Muna kaiwa ɗaya gefen ya saki hannuna ya dafa bangon wani kanti, yana numfashi kamar wanda ya yi gudu.

"Auta, shi kaɗai ne? Babu wanda ya ji?"

"Shi kaɗai ne, Yaya."

"Alhamdu lillahi." Ya goge fuska da hannun riga. "Ban gan shi ba. Faɗa mini yadda yake. Dogo ne? Yana da furfura?"

Na fara lalube a ƙwaƙwalwata. Riga dai mai duhu, ina ji. Tsayi kuwa, kamar matsakaici. Na waiga titin, mutane ne kawai suke ta wucewa, rabinsu da riga mai duhu.

"Ya ajiye kaya a ƙasa, na ji ƙararsu," in ji Yaya. "Da zai ɗauka, da wane hannu ya ɗauka?"

Sai a lokacin na gane wanda yake jira duk shekarun nan. Na so in ce da hagu. Kalma ɗaya ce, babu mai ƙaryata ni, da ya kwana da farin ciki har ƙarshen ransa. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, shi ma ya san muryata in na yi niyya.

"Ban duba ba, Yaya," na ce. "Kai nake kallo."

Ya daɗe yana dafe da bangon. Sannan ya miƙo mini gwiwar hannunsa, ya gyara wuyan rigarsa, ya ɗaga kai.

"Gobe mu biyo ta nan," ya ce. "In an gaishe ni, ki bar kallona, ki dubi hannun."